Pete Rose ya mutu, amma ni dai ban yarda a kafa allonsa a zauren gwarazan besbol ba

Ranar 13 ga Mayun 2025 shugaban hukumar besbol ta Amurka, Rob Manfred, wanda su can suke ce wa kwamishina, ya fito ya ce daga yanzu duk ɗan wasan da aka yi wa korar har abada to hukuncin yana faɗuwa ranar da ya mutu, hujjarsa kuwa wanda ke cikin kabari babu sauran cutar da zai iya yi wa wasan. Da wannan magana ɗaya aka goge sunan mutum 17 daga baƙin littafi, duk matattu, amma kowa ya san mutum biyu ake wa hayaniya, Pete Rose da ya mutu ƙarshen Satumban 2024 yana da shekara 83, da Joe Jackson wanda tun 1951 ƙasa ta rufe masa ido. Ma'anar abin shi ne yanzu ana iya zaɓensu su shiga zauren gwarazan wasan, Hall of Fame, kuma ga ɗan besbol babu wata karramawa sama da wannan a duniya. Ni dai ban yarda a saka Rose ba. Jackson ma da ƙyar zuciyata ta bar ni na ce a'a, amma a'a ɗin ce.

Na san nan Sakkwato in ka ce besbol sai a dube ka, mu ƙwallon ƙafa muka sani sai dambe da kokawa. Wani abokina ne da ya yi karatu a jihar Ohio ya koya mini kallonsa, daga nan na riƙa bi a YouTube cikin dare lokacin da data ke araha. A taƙaice wani ne ke jefo maka ƙaramar ƙwallo mai tauri da gudun da kan haura kilomita 150 a awa, kai kuma kana riƙe da gora, ka doke ta ka sheƙa zuwa tasha ta farko kafin a riga ka kai ta can. In ka isa lafiya an rubuta maka bugu ɗaya. Abin yana da wuya ƙwarai, wanda yake dacewa sau 3 cikin 10 sunansa gwani, ana biyansa miliyoyin daloli.

To Pete Rose bugu 4,256 ya yi. Babu wanda ya taɓa kai haka kuma da wuya a sake. Ka lissafa, ɗan wasa in ya yi bugu 200 a kaka ɗaya ana cewa ya yi shekara mai albarka, to ko mutum ya jera irin wannan shekara sau 21 ba hutu ba jinya bai kamo shi ba tukuna. Ya buga wasa 3,562 daga 1963 zuwa 1986, shi ma babu wanda ya kai, ya ci kofin World Series, wato kofin zakarun shekara, sau biyu da Cincinnati Reds a 1975 da 1976 sannan ya ƙara ɗaya da Philadelphia Phillies a 1980, a 1978 ya jera wasa 44 kowanne sai ya yi bugu. Kuma ba wai baiwa ce ta yi masa yawa ba, naci ne, mutum ne da ko an ba shi tasha ta farko kyauta sai ya ruga da gudu kamar ana binsa, yana faɗawa tasha da ka ƙura ta turnuƙe hular ta yi gefe, shi ya sa ake masa laƙabi da Charlie Hustle. Ɗan garin Cincinnati ne haifaffe, talakawan garin suna ganin kansu a jikinsa. Ranar 11 ga Satumban 1985 da ya wuce tarihin yawan bugu da tsohon gwani Ty Cobb ya kafa sai da aka tsayar da wasa na mintoci ana tafi, shi kuma yana tsaye a tasha ta farko yana kuka. Duk wanda ya kalli bidiyon nan bai ji komai ba to ba ya son wasa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka raina shi na yi.

Amma akwai doka ta 21. Tana manne a bangon ɗakin sauya kaya na kowace ƙungiya, kuma ba ta da wani lauje cikin naɗi, in ka yi caca a kan wasan da ba ka ciki dakatarwar shekara ɗaya ce, in kuwa wasan da kake da hannu a ciki ne, ko kana ɗan wasa ko koci ko alƙali, to kora ce ta dindindin. Rose ya wuce ta gaban takardar nan sama da shekara 20. A 1989 yana kocin Reds hukuma ta ɗauko wani lauya John Dowd ya yi bincike, ya kawo rahoto mai shafi 225 da takardun banki da lissafin kiran waya da shaidar mutanen da ke kai masa kuɗin wurin dillalan caca, rahoton ya nuna a 1987 kaɗai ya zuba kuɗi a wasannin Reds 52. A watan Agusta ya sa hannu da kansa ya karɓi korar, kwamishinan lokacin Bart Giamatti ya sanar ranar 24 ga wata, kwana 8 bayan nan zuciyar Giamatti ta buga ya mutu. A 1991 masu kula da zauren suka kafa ƙa'ida cewa wanda ke cikin jerin korarru ba ya shiga takarar ma sam.

Hujjar da masoyansa suka fi riƙewa, kuma abokin nan nawa har gobe ita yake kawo mini, ita ce ai Rose bai taɓa yin caca a kan ƙungiyarsa ta faɗi ba, kullum a kan ta ci yake zubawa, to mene ne laifin mutumin da ya yarda da yaransa har ya sa kuɗinsa? Gaskiya ne binciken bai samu shaidar ya zuba a kan su faɗi ba. Amma wannan hujja tana yi wa wanda bai san yadda kakar besbol take ba daɗi ne kawai. Wasa 162 ake bugawa a kaka, kusan kullum ana fili, kuma babban aikin koci shi ne tattalin hannun masu jifa, don hannun mutum ba inji ba ne, in ka matse shi yau to gobe da jibi ba ka da shi, in ka cika matsawa ma ka nakasa shi gaba ɗaya. Koci na gari wani lokaci yakan haƙura da wasan yau don ya tsira da na sati. To kocin da dala dubbai nasa ke kan wasan yau fa, wa zai hana shi ƙone mafi kyawun mai jifansa a daren? Kamar direba ne a tasha ya ci pare da abokansa cewa shi zai riga kowa shiga Gusau, ai nasara yake nema shi ma ba hatsari ba, amma fasinjan da ke baya da mai motar ba su san an sa su cikin pare ba, kuma su ne za su ji a jikinsu a kowane rami. Sannan ga wani abu, ranar da bai zuba ba fa? Dowd ya ce akwai masu jifan da in su ne za su fara wasa Rose ba ya sa kuɗi. Dillalin da ke karɓar kuɗinsa kullum in ya ga yau shiru ai an gaya masa komai, kocin da kansa bai yarda za a ci ba. Ga kuma bashi, ɗan caca ba ya rabuwa da bashi, kuma kocin da dillalan caca ke bi bashi ba shi kaɗai ke riƙe da ƙungiyarsa ba ko da bai taɓa sayar da wasa ko ɗaya ba.

Da a ce ya fito tun 1989 ya ce na yi, cuta ce ta kama ni, ku taimake ni, wallahi ina jin da tuni an wuce wurin, don Amurkawa suna son labarin wanda ya faɗi ya tashi. Sai ya shafe kusan shekara 15 yana rantsuwa bai taɓa caca a kan besbol ba, yana ƙaryata Dowd, yana ƙaryata shaidu, masoyansa suna ta faɗa da mutane a kansa. Sai a Janairun 2004 ya amsa, a cikin littafin da ya fitar na sayarwa, kuma a satin da ake sanar da sababbin shiga zauren, Paul Molitor da Dennis Eckersley, ya kwashe musu hasken ranarsu. Ko a nan ma ya ce yana koci ne kawai ya yi, sai a 2015 tashar ESPN ta fito da wani littafin lissafi da ke nuna tun 1986 yana ɗan wasa yake yi. A ƙarshen shekarar Manfred ɗin nan dai ya ƙi maido shi, cikin dalilansa har da cewa mutumin bai daina caca a kan besbol ba. Yana zama a Las Vegas yana sa hannu a ƙwallaye yana rubuta ban haƙurin cacar da ya yi a jikinsu yana sayarwa. Ban da zaman gidan yari na wata 5 a 1990 kan haraji, da wani zargi mai muni da ya fito ta kotu a 2017 game da yarinya mai ƙarancin shekaru wanda ya sa Phillies suka fasa bikin karrama shi, waɗannan ban ma sa su a ma'auni ba, cacar kaɗai ta isa.

Na kai wa Kawuna maganar nan wata rana bayan la'asar a ƙofar gidansa a Runjin Sambo, tsohon malamin makaranta ne, rediyonsa ba ta barin gefen tabarma, kuma yana son a kawo masa irin wannan gardama. Ya saurare ni har na gama yana jan carbi sannan ya ce, "To kai ɗana, mutumin ga ba yam mutu ba? Mi kaka nema ga mamaci? Shekara talatin da biyar shina waje shina kallo, ai horo ya yi. Ku bar shi da Ubangijinai." Na ce Allah shi daɗe da ran Kawu ai ba zaginsa nake ba, kuma ban ce a tone shi ba. Ya ce, "Ɗiyanai hwa? Su mi sunka yi? In anka rataya hoton uban ba su na za su ji sanyi ba?" Wannan ta taɓa ni don gaskiya ne, 'yarsa ce ma ta shigar da takardar roƙon bayan mutuwarsa. Muka yi shiru, ya zuba mini shayi a ƙaramin kofi, can sai shi da kansa ya ce, "Amma hwa yafiya daban, shaida daban. Ina iya yahe ma wanda yac ci amanata, in kuma anka ce in zo in shaide shi gaban mutane in ce ban iyawa."

Nan ne ni ma nake tsaye. Shiga zauren nan shaida ce. Ginin yana wani ƙaramin gari Cooperstown a jihar New York, an fara zaɓe a 1936 da mutum biyar, Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson, kuma wuri biyu ne a haɗe, akwai gidan tarihi inda ake ajiye gora da riga da takalma, can kayan Rose suna nan ba wanda ya fitar, tarihinsa na 4,256 yana rubuce ba wanda ya goge. Sai kuma ɗakin alluna na tagulla inda ake kafa fuskar mutum, wanda marubuta wasanni ko wani kwamiti na musamman ke zaɓa da kashi 75 cikin ɗari na ƙuri'a, kuma a ƙa'idar zaɓen an rubuta ƙarara a duba riƙon amana da hali ba iya ƙwarewa ba. Mu da muka tashi a garin malamai wannan ba baƙon tunani ba ne, ba haɗa wasa da addini nake ba Allah ya tsare, amma malaman hadisi sharaɗi biyu suke nema ga mai ruwaya, kiyayewa da adalci, mutum ko ya fi kowa hadda in an kama shi da ƙarya an ajiye ruwayarsa, kuma mutuwarsa ba ta sa a sake masa hukunci, ana masa addu'a ana kuma rubuta gaskiyar halinsa.

Abin da ya sa ma maganar ta dame ni har haka ba Amurka ba ce, abin da nake gani ne da idona. Ranar wata Asabar ina gidan kallo a Mabera, janareto na ta ƙara zafi kamar a gasa mutum, benci cike, a gabana wani yaro da bai wuce shekara 19 ba sanye da jar rigar Arsenal, waya a hannu ɗaya ƙaramar farar takarda a ɗayan ya nannaɗe ta a yatsa. Aka zura wa Arsenal ƙwallo sai na ga yaron nan ya yi tsalle yana murna. Na kusa da shi ya ja rigarsa ya ce, "Kai, ba kai na ɗan Arsenal ba?" Ya ce, "Bari kai dai, gol-gol nis saka, yanzu saura mu rama tikitina shi shiga." Daga nan har aka tashi rabin idonsa na kan allo rabi na kan waya yana duba wasu wasanni a ƙasashen da ko sunan garuruwansu bai iya faɗi ba, wani a baya kuma ba abin da yake ƙirgawa sai kwana, duk wanda ya buga waje shi dai a ba da kwana. Da aka tashi ba a rama ba yaron ya murƙushe takardar ya jefar ya fita bai yi wa kowa magana ba. Ɗan kallo ke nan fa, wanda ba shi da ikon canja komai a fili, 'yar takardar naira ɗari biyar ta sa yana murnar a ci ƙungiyar da yake so tun yana firamare. To ina ga wanda shi ke rubuta sunayen masu shiga fili, shi ke cire wannan ya sa wancan? Wanda ya ce mini caca ba ta taɓa hukuncin Rose ko sau ɗaya ba a wasanni 52 to ya zo mu je gidan kallo tare.

Yanzu kuma bari in faɗi inda masu goyon bayansa suke da gaskiya, don suna da ita kuma mai nauyi. In ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a 2018 sama da jiha 30 suka halatta, ita kanta hukumar besbol ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca, tallarsu na kan allon fili, tana cikin sharhin wasa, har shagon caca aka buɗe a filin Reds, ƙungiyar da aka kori Rose saboda caca a kan wasanninta. Ranar 1 ga Janairun 2023 da aka halatta abin a Ohio wa aka gayyato ya fara zuba kuɗi a wani gidan caca na Cincinnati? Pete Rose. Alhali hukumar nan ce a 1979 da 1983 ta nisanta Willie Mays da Mickey Mantle, manyan gwaraza da suka riga suka yi ritaya, don kawai sun karɓi aikin gaisawa da baƙi a gidajen caca, sai 1985 aka maido su. Haka abin yake a ƙwallon ƙafa, an dakatar da Ivan Toney wata 8 a 2023 yana Brentford, ƙungiyar da sunan kamfanin caca ke rubuce a ƙirjin rigarta. Wannan munafunci ne ba shi da wani suna. Amma ni abin da na fahimta daga nan shi ne a cire tallar, ba a sassauta dokar ba. Da caca ta shiga aljihun kowa ta waya ai lokacin ne dokar ta fi amfani. A Yunin 2024 an kori wani yaro ɗan Benezuwela Tucupita Marcano mai shekara 24 har abada saboda ya yi caca a kan wasannin Pittsburgh Pirates lokacin yana ɗan ƙungiyar, yana jinya ma ba ya buga wasa. Tafintan tauraron besbol ɗan Japan Shohei Ohtani ya kwashe masa kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, yana gidan yari. A ƙarshen 2025 an gurfanar da masu jifa biyu na Cleveland bisa zargin suna lalata jifa da gangan don wasu su ci kuɗi. A irin wannan lokaci ne za a ɗauki mutumin da ya fi kowa shahara da karya dokar a kafa masa allon tagulla? Me za a ce wa Marcano, laifinka ɗaya ba ka yi bugu 4,000 ba?

Suna kuma cewa ai zauren ba na waliyyai ba ne, kuma haka ne. Cap Anson yana ciki, mutumin da ya ƙi shiga fili da baƙar fata tun ƙarni na 19. Kenesaw Mountain Landis kwamishina na farko yana ciki, a zamaninsa har ya mutu a 1944 ba baƙin mutum ko ɗaya da ya buga babbar gasa, sai 1947 Jackie Robinson ya shiga. Ty Cobb da Tris Speaker ma an zarge su a 1926 da haɗa baki kan wani wasa, Landis ya wanke su. Akwai mashaya akwai masu dukan mata. A wurin Allah da wurin mutane wariyar launin fata ta fi caca muni nesa ba kusa ba, ban musa ba, kuma da ni ke da iko da wasu allunan sun sauko. Sai dai kuskuren da aka yi jiya ba ya zama lasisin ƙara wani yau. Kuma caca ta ɗan ciki tana da wani abu nata daban, tana taɓa dalilin da ya sa ake kallon wasan tun farko, wato ba wanda ya san yadda za a tashi kuma kowa a fili iya ƙoƙarinsa yake. In wannan ya faɗi saura wasan kwaikwayo. Mun ga irinsa a gida a 2013 lokacin da aka tashi wasannin neman hawa 79 da nema da kuma 67 da nema a rana ɗaya, duniya ta yi ta mana dariya, har yau in ƙungiyar gida ta samu fanareti a minti na 90 a gasarmu ba wanda ke yarda da alƙalin ko da gaskiya ya busa.

Joe Jackson ne ke sa ni juyi a shimfiɗa. Yaro ne daga South Carolina da aka sa aikin masaƙa tun yana ƙarami, bai iya karatu ba bai iya rubutu ba, laƙabinsa ma na marar takalmi ya samo shi ne ranar da sabon takalmi ya yi masa kanta ya cire ya buga da safa. A 1919 'yan wasan Chicago White Sox 8 aka zarga da karɓar kuɗin 'yan caca su zubar da World Series, kuma abin mamaki Cincinnati Reds ce ta ci su, 5 da 3. Lokacin ɗan wasa kamar kayan mai ƙungiya yake, ba shi da ikon komawa wani wuri, abin da aka ba shi shi zai karɓa. Jackson a gasar ya yi bugu 12, ya fi kowa, ba a rubuta masa kuskure ko ɗaya ba, shi ya sa har yau wasu ke cewa bai zubar da komai ba. Kotu ta sallame su a 1921, washegari Landis ya kore su duka, har da Buck Weaver wanda bai karɓi ko sisi ba, laifinsa ya sani ya yi shiru. Weaver kam ina ganin an tsananta masa, ya mutu yana roƙo. Amma Jackson da bakinsa ya gaya wa masu bincike a 1920 cewa an yi masa alkawarin dala 20,000 an ba shi 5,000, ya karɓa ya ajiye. Ina jin tausayinsa fiye da Rose sau goma, talaka ne jahili da 'yan wayo suka kewaye. Sai dai ya san ana sayar da wasa mafi girma na shekara, mutane sun sayi tikiti da guminsu suna ihu a banza, kuma kuɗin na aljihunsa. Wani abin lura kuma, shi babu ƙa'idar da ta hana a zaɓe shi kafin 1991, sunansa ya fito a 1936 ya samu ƙuri'a 2 kacal, daga mutanen da suka gan shi da idonsu suka san gwanintarsa fiye da mu.

Wani zai kawo Paolo Rossi, an dakatar da shi a badaƙalar cacar Italiya ta 1980 ya dawo ya ci ƙwallo 6 ya ɗauko musu kofin duniya a 1982, ko namu Samson Siasia da FIFA ta kora har abada a 2019 kotun wasanni ta mayar shekara 5. Waɗannan hukuncinsu mai wa'adi ne ko an mayar da shi mai wa'adi, sun yi sun gama, kuma Rossi har ya mutu yana cewa bai yi ba. Rose shi ya san farashin tun kafin ya taɓa, ya sa hannu a kan hukuncin, daga baya ya amsa da bakinsa. Kuma ba a bar shi hannu rabbana ba, Reds sun saka shi a nasu zauren a 2016 sun jingine lambarsa 14, sun kafa masa mutum-mutumi a ƙofar fili yana faɗawa tasha da ka. Garinsu ne, ɗansu ne, wannan tsakaninsu.

Manfred dai ya wanke hannunsa ya tura wa wasu, kuma ya yi hakan ne makonni kaɗan bayan ya zauna da Donald Trump wanda ya daɗe yana cewa a saka Rose. Yanzu maganar tana hannun wani kwamiti na mutum 16, tsofaffin 'yan wasa da shugabanni da masana tarihin wasan, za su zauna a Disambar 2027, in sunan ya shiga takarda ana buƙatar 12 su amince sannan a yi biki a 2028. Cikinsu za a samu waɗanda suka buga da shi suka sha ƙurarsa suna kuma ƙaunarsa, za a matsa musu lamba ta ko'ina, ga iyali ga 'yan siyasa ga mutanen Cincinnati. Mutum 5 kawai ake buƙata su ƙi sa hannu, kuma ina fatan za a same su.